Yawan Fitsarin Iyayenmu Mata: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A 'yan shekarun nan wata sabuwar tsaraba ta samu gindin zama a gidajenmu, musamman gidajen da Allah Ya albarkace su da 'ya'ya ma'aikata. Da can idan mutum ya taso daga Kano ko Kaduna ko Abuja zai je gaishe da mahaifiyarsa a Kazaure ko Babura, abin da yake riƙo mata bai wuce turmin atamfa da goro da sabulu da turare ba. Yanzu kuwa da wuya a kwance kayan ba a ga kwalbar ƙwayoyin bitamin a ciki ba, irin waɗanda ake haɗa sinadarai da yawa a ƙwaya guda a ce a sha ɗaya kullum. Masu dawowa daga Hajji da Umara su ma ba a bar su a baya ba. To, sai ga shi a wasu gidajen an fara jin ƙorafi ƙasa-ƙasa cewa tun da Hajiya ta fara shan wannan magani buta ba ta rabuwa da hannunta, kuma da daddare sai ta tashi sau uku ko huɗu. Daga nan sai gida ya rabu biyu: masu cewa a jefar da kwalbar, da masu cewa ai alama ce ta magani yana wanke jiki, a ci gaba.

A ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, kuma kuskurensu iri ɗaya ne, wato sun ɗauka ƙwayar ce ke da alhakin abin. Gaskiyar magana ita ce, ƙwayar bitamin ta yau da kullum, idan ta ainihi ce kuma aka sha ta bisa ƙa'ida, ba ta cikin abubuwan da likitoci suka sani suna ƙara yawan fitsari. Akwai 'yan wurare da zargin yake da ƙamshin gaskiya, kuma zan kawo su. Amma babban abin tsoro shi ne, muddin hankalin iyali yana kan kwalba, to ciwon da ya kamata a nema yana can yana cin jiki. Wannan shi ne abin da Bahaushe ya kira a bar jaki a doki taiki.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san me ake nufi da yawan fitsari, domin abubuwa uku ne mabambanta muke haɗawa mu ba su suna ɗaya. Na farko, mutum ya riƙa zagayawa a kai a kai amma abin da ke fita kaɗan ne. Wannan yawanci matsalar mafitsara ce. Na biyu, fitsarin kansa ya yi yawa, har ya zarce lita 3 a kwana guda, alhali babban mutum mai lafiya yakan yi tsakanin lita 1 zuwa 2. Wannan yakan nuna wani abu ne a cikin jini ko ƙoda. Na uku, fitsari ya riƙa kuɓucewa ba da niyya ba, wajen tari ko atishawa ko dariya, ko kafin a isa bayan gida. Likitoci sukan ɗauki zagayawa fiye da sau 8 a cikin sa'o'i 24 a matsayin abin dubawa, haka nan tashi sau biyu ko fiye a cikin dare. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan da dalilinsa da maganinsa, kuma wanda bai bambance su ba zai yi ta jifa ne a cikin duhu.

To, me ƙwayar take yi a jiki? Bitamin kashi biyu ne. Akwai masu narkewa a ruwa, wato dangin B da kuma C, waɗanda jiki ke ɗaukar abin da yake bukata, ƙoda ta fitar da rarar ta hanyar fitsari. Akwai kuma masu narkewa a mai, wato A da D da E da K, waɗanda jiki ke adanawa a hanta da kitse. Daga cikin dangin B akwai B2, wanda launinsa rawaya ne, kuma shi ne yake sa fitsarin mai shan ƙwayar ya koma rawaya shar bayan 'yan sa'o'i. Wannan sauyin launi ba cuta ba ne, ba kuma alamar wankin jiki ba ne, rara ce kawai take fita. Amma yana da wani tasiri da ba a lura da shi: tsohuwar da ta shekara biyu tana tashin dare ba ta taɓa ƙirgawa ba, ranar da ta ga launi ya sauya sai ta fara lura, sai ta danganta tsohuwar matsala da sabon magani. Ƙari a kan haka, da yawa sukan sha ƙwayar bayan sallar isha'i da kofi cike da ruwa, wanda shi kaɗai ya isa ya tashe su cikin dare.

Sai dai adalci ya sa a faɗi inda zargin yake da tushe. Na ɗaya, bitamin C mai yawa. Abin da mace baliga take bukata a rana wajen miligiram 75 ne, kuma ƙwayar haɗin nan ba ta cika nisa da wannan adadi ba. Amma akwai wata ƙwaya daban ta bitamin C zalla mai miligiram 500 ko 1,000, har da wadda ake jefawa a ruwa ta yi kumfa, kuma kasuwarta ta buɗe sosai tun zamanin annobar korona a 2020. Wani bincike da aka yi a kan mata fiye da 2,000 a birnin Boston na Amurka, aka wallafa a 2011, ya gano cewa masu shan bitamin C mai yawa na ƙwaya da masu shan sinadarin kalsiyam mai yawa sun fi kawo kukan matsuwar fitsari da yawan zagayawa, alhali ba a ga haka ba a wajen masu samun bitamin C daga abinci. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa wannan ne ya haddasa wancan ba, amma ya isa ya zama hannunka mai sanda.

Na biyu, bitamin D da kalsiyam. Idan bitamin D ya taru a jiki fiye da kima, yakan sa kalsiyam ya hau a cikin jini, kuma daga cikin alamominsa akwai ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari da taurin bayan gida da kasala, wani lokaci har da ruɗewa. Iyakar da masana suka gindaya wa babban mutum ita ce ma'auni 4,000 a rana, na awon da ake rubutawa IU a jikin kwalba, alhali ƙwayar haɗi yawanci ba ta wuce 400 zuwa 1,000 ba. Haɗarin yana zuwa ne idan ɗa ya kawo kwalba, 'ya ta kawo wata, suruki ya ƙara da ta ciwon ƙashi, tsohuwa kuma don kada ta ɓata wa kowa rai ta riƙa shan duka, ko kuma a ɗauki ƙwaya mai ƙarfi da ake sha mako-mako a mayar da ita ta kullum. Na uku, sinadarin ƙarfe da ke cikin magungunan ƙarin jini. Macen da al'ada ta ɗauke mata bukatarta ta sauka daga miligiram 18 zuwa 8 a rana. Shan sa ba da dalili ba yakan kawo taurin bayan gida, shi kuwa cikakken hanji yana danne mafitsara ya hana ta sakewa.

Akwai kuma wata matsala da ta fi waɗannan muni a yankinmu, wato ba duk abin da ake kira bitamin ne bitamin ba. Duk wanda ya san ranar kasuwa a ƙauyukan Roni da Gwiwa, ko garuruwan Babura da ke dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, ya san mai tallar magani a faranti ko a bayan babur, wanda yake ƙulla ƙwayoyi kala-kala a leda ya ce maganin ƙarfin jiki ne ko na cin abinci. A cikin irin wannan ƙulli akan samu dexamethasone ko prednisolone, magunguna masu ƙarfi da ke kwantar da ciwon gaɓɓai nan take su buɗe ciki, tsohuwa ta ji daɗin jikinta, kumatu su ciko, 'yan gida su ce ta murmure. Amma shan su na tsawon lokaci yana ɗaga sukarin jini, yana ɗaga hawan jini, yana cinye ƙashi. Haka nan wasu magungunan ruwa na ƙarin cin abinci sukan haɗa bitamin da cyproheptadine, wanda ke sa barci da jiri, kuma yana iya hana mafitsarar tsofaffi juye abin da ke cikinta gaba ɗaya. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan Apetamin saboda wannan sinadari. Saboda haka idan an ce Hajiya tana shan bitamin, tambaya ta farko ita ce: a ina aka saya, kuma me aka rubuta a jikinsa? Wanda ya daɗe yana shan irin su dexamethasone kuma ba a yanke masa shi rana ɗaya, sai likita ya rage masa a hankali.

Yanzu bari mu koma kan jakin da aka bari. Babban wanda ake tuhuma a duk lokacin da dattijo ko dattijuwa ta fara yawan fitsari da ƙishirwa shi ne ciwon sukari. Idan sukarin jini ya haura wajen miligiram 180 a kowane desilita, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zubo cikin fitsari ya janyo ruwa tare da shi. Daga nan sai ƙishirwa, sai rama, sai kasala, sai gani ya fara dushewa. Abin takaici shi ne, wannan rama da kasala su ne suke sa 'ya'ya su sayo bitamin tun farko. Ashe ke nan ciwon ne ya kawo kwalbar gidan, ba kwalbar ce ta kawo ciwon ba. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke ɗauke da ciwon a Nijeriya, kuma fiye da rabin masu shi a nahiyar Afirka ba su san suna da shi ba. Awon kuwa ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, ba ya cin minti biyu, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin kwalbar da aka sayo daga birni ba. Idan awon safe kafin karin kumallo ya kai 126, ko awon kowane lokaci ya kai 200 tare da waɗannan alamomi, to magana ta koma hannun likita.

Na biyu shi ne maganin hawan jini. Da yawa daga cikin iyayenmu suna shan sa, kuma wasu daga cikin waɗanda aka fi bayarwa a asibitocinmu aikinsu ke nan su fitar da ruwa da gishiri ta hanyar fitsari, kamar hydrochlorothiazide da Moduretic da Lasix. Idan aka sha su da yamma, babu makawa sai an yi tashin dare. Amlodipine kuma yakan kumbura ƙafa, ruwan da ya taru da rana sai ya koma jini idan an kwanta, ya zama fitsari. Maganin wannan sau da yawa bai wuce likita ya sauya lokacin sha ko ya sauya ƙwayar ba. Amma abin da ke faruwa a gidaje shi ne, tsohuwa ta gaji, ta daina sha a ɓoye ba ta gaya wa kowa ba, sai dai wata rana a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

Na uku shi ne ladan haihuwa da tsufa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace a Jihar Jigawa ya kai 7.1, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne, kuma iyayenmu da suke shekara sittin da saba'in a yau yawancinsu a ɗaki suka haihu, wasu bayan doguwar naƙuda. Kowace haihuwa tana barin tabonta a tsokar ƙasan mara da ke tallafe da mafitsara da mahaifa. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin mata da ke kula da laushi da ƙarfin fatar wannan wuri sai ya ragu, sai matsuwa da zafi da kuɓucewar fitsari su biyo baya, wasu har mahaifa ta zazzago. Mun san yoyon fitsari na masu ƙuruciya, kuma mun san inda ake kai su: babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aiki tun 2008, da Babbar Ruga a Katsina, da cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano. Amma wannan na tsofaffi, wanda ba huda ba ce, rauni ne na tsoka, ba shi da suna a bakinmu balle wurin zuwa, sai a ce tsufa ne. Alhali kuwa motsa tsokar wurin ta hanyar matsewa da saki na wata uku, da horar da mafitsara, da wani man shafawa da likita ke rubutawa, da zoben roba da ake sa wa mai zazzagowar mahaifa, da aikin tiyata idan ta kama, duk suna taimakawa ƙwarai.

Na huɗu shi ne ƙwayoyin cuta a mafitsara, abin da mata ke haɗawa da wasu cututtuka su kira shi sanyi. Yana yawaita bayan ɗaukewar al'ada da kuma ga masu ciwon sukari, kuma awon fitsari ne ke tabbatar da shi, ba haɗin ƙwayoyin kemis ba. Ga mazauna kusa da madatsar ruwa ta Kazaure da sauran tafkuna da fadamu, kada a manta da tsargiya, domin ba yara maza kaɗai take kamawa ba. Takan kama matan da ke wanki da ɗiban ruwa da aikin rani, kuma idan ta daɗe tana lalata mafitsara har ta iya kaiwa ga ciwon daji. Sannan ga goro da shayi, abokan hirar tsofaffi, waɗanda sinadarin kafin da ke cikinsu yake tsokanar mafitsara kuma yake ƙara fitsari. Tsohuwar da ke cin goro har bayan magariba ta kora da shayi mai kauri, ba ta bukatar bitamin kafin ta tashi cikin dare. Daga ƙarshe akwai ciwon zuciya da na ƙoda, musamman idan da kumburin ƙafa ko haki.

Wataƙila wani ya ce, fitsari ne fa kawai, me ya kai shi shafin jarida? Amsa ita ce a dubi abin da yake jawowa. Abu na farko da tsohuwa take yi idan abin ya dame ta shi ne ta rage shan ruwa, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ƙarancin ruwa kuwa yana sa fitsari ya yi kauri ya ƙara tsokanar mafitsara, yana kawo jiri da tsakuwar ƙoda, ga mai ciwon sukarin da ba a gano ba kuma yana iya kai ta ga suma. Abu na biyu shi ne faɗuwa. A yawancin gidajenmu bayan gida yana can ƙarshen tsakar gida, ga duhu, ga santsi da damina, ga ido ya yi rauni. Karayar ƙugu ga mai shekara saba'in ba ƙaramin abu ba ne, da yawa daga nan ba su sake miƙewa. Abu na uku shi ne janyewa daga mutane. Za ka ga dattijuwar da ba a biki ko suna ko gaisuwar mutuwa ba tare da ita ba, ta fara ba da uzuri. Ta daina zuwa Islamiyya, ta daina shiga mota zuwa Kano ko Daura, ta ce ita yanzu ta fi son zaman ɗaki. Ba zaman ɗakin take so ba, tsoron kunyata take ji.

Abu na huɗu, wanda ya fi kowanne taɓa zuciyarsu, shi ne tsarki da alwala. Akwai iyayenmu da suke kwana da zullumin ko sallarsu ta karɓu, suna sauya zane sau biyar a rana, suna jin nauyin tambayar malami. Alhali malaman mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan sun daɗe da yin bayanin hukuncin mai lalurar kuɓucewar fitsari, kuma akwai shi a Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu, hukunci ne mai sauƙi da rangwame. Da malamai mata na makarantun Islamiyya za su riƙa kawo wannan babi a fili, su haɗa da cewa lalura ce da ake zuwa asibiti dominta, da sun sauke wa mata da yawa nauyi biyu a lokaci guda.

Tushen matsalar dai kunya ce, kuma kunya ado ce a wurinmu, ba na kiran a yar da ita. Amma a duba yadda take aiki a nan. Uwa ba za ta buɗe baki ta gaya wa ɗanta namiji zancen fitsari ba, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba ta faɗa. Ba za ta gaya wa surukarta ba. Idan an kai ta asibiti ta tarar da likita namiji sa'ar jikanta, sai ta ce jiri ne da ciwon jiki, a rubuta mata maganin zazzaɓi da bitamin ta dawo. Shi kuma ɗan, da yake ba ya iya tambaya, sai ya sauke nauyin da ke zuciyarsa da kwalba mai tsada. Ta haka kwalbar ta zama madadin tambaya da madadin awo. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan mai ɗakin ba zai faɗa ba, wajibi ne a nemo wanda zai iya tambayarsa: 'ya mace, ko ƙanwa, ko jika da ake wasa da ita, ko ma'aikaciyar jinya.

Shin ma ƙwayar tana da amfanin da muke zato? Babban binciken lafiyar mata na Amurka, wanda ya bi mata fiye da 160,000 da al'ada ta ɗauke musu na kimanin shekara takwas, ya ba da rahoto a 2009 cewa bai ga ƙwayar ta rage ciwon daji ko ciwon zuciya ko mutuwa ba. A 2022 kwamitin ƙwararru kan rigakafi na ƙasar ya ce babu isasshiyar hujja da za ta sa a shawarci kowa da kowa ya sha ta domin kare waɗannan cututtuka. A 2024 wani nazari a kan mutum kusan 390,000 na tsawon shekara ashirin bai ga ta ƙara tsawon rai ba, ko da yake wani gwaji mai suna COSMOS ya nuna ɗan amfani ga ƙwaƙwalwar tsofaffi. Mai ja da ni zai iya cewa waɗannan mutane ne masu ƙoshi, mu kuwa akwai tsohuwar da tuwo da miyar kuka ne abincinta safe da dare, haƙora sun zube, nama sai da salla. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a zubar da bitamin ba. Mai ƙarancin jini, da wadda ba ta iya cin abinci, da wadda ta daɗe tana shan metformin wanda ke rage B12, duk suna iya bukatarsa. Abin da nake cewa shi ne awo ya riga magani. Kuma kada mu raina abin da ke bayan gidanmu: zogale da rama da wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da gwaiba da garin ɗan kuka. Kuɗin kwalba ɗaya ta waje zai sayi ƙwai da kifin makonni.

Saboda haka ga abin da nake ba 'yan'uwana shawara. A tattara duk magungunan da Hajiya take sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya da na tsaraba, a zuba a leda a tafi da su gaban likita ko masanin haɗa magunguna. A sa wata ta kusa da ita ta rubuta na kwana uku: sau nawa take zagayawa da rana, sau nawa da dare, da yawa ne ko kaɗan, me ta sha kuma yaushe. A yi awo uku, na sukari da na fitsari da na hawan jini, waɗanda ake yi a manyan asibitocin Kazaure da Babura. Idan ba likita ne ya rubuta bitamin ɗin ba, babu laifi a ajiye shi na mako biyu a gani, amma ba a madadin awo ba, kuma kada a taɓa maganin hawan jini ko na sukari sai da izinin likita. A mayar da shan ƙwayar da safe, a sha ruwa sosai da rana a rage bayan magariba, a rage goro da shayin yamma, a sa fitila da mazubi mai murfi a ɗakinta. Idan kuwa aka ga jini a fitsari, ko zubar jini bayan al'ada ta ɗauke, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko ruɗewa, ko rama da ƙishirwa mai tsanani, ko fitsari ya ƙi fita, to ba a kwana, sai asibiti.

Hukuma ma tana da nata kason. Shekara da shekaru ɗakunan shan maganinmu sun fi karkata ga masu ciki da yara ƙanana, kuma hakan daidai ne, amma matar da ta gama haihuwa kamar an rufe littafinta ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma tsofaffi suna cikin masu rauni da aka yi tanadin domin su. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da hukumar lafiya a matakin farko da hukumar JICHMA da su tabbatar da cewa kowane asibitin mazaɓa, daga Amaryawa zuwa Korayel zuwa Kanya, yana da na'urar awon sukari da tsinken awon fitsari da ba sa yankewa, kuma a ware rana guda a mako ta dattijai mata, wadda ma'aikaciya mace za ta zauna ta yi musu tambayar da ba za su fara da kansu ba. Hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna, waɗanda suka iya tayar da dilolin magani daga Sabon Garin Kano zuwa Dangwauro a 2024, su sani cewa farantin mai talla a kasuwar ƙauye shi ne ƙarshen wannan igiya, kuma can ne talaka yake sayen nasa. Masarautun Kazaure da Ringim, da hakimai da limamai da gidajen rediyo, su ma suna da bakin da ake ji.

Daga ƙarshe, mu 'ya'ya mu ne a sahun gaba. Matar da ta yi shekaru tana wanke mana fitsari ba tare da ƙyama ba, ba ta cancanci ta ƙare rayuwarta tana ɓoye nata a cikin kunya da ƙishirwa ba. Kyautata wa iyaye ba ya tsaya ga abin da muka sayo musu, ya haɗa da sanin abin da ke damunsu. Idan za a je gida wannan karon, a riƙa tsarabar kamar yadda aka saba, amma a ware safiya guda a kai Hajiya awo kafin ta karya. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu, amin.